Gurbin ki na 12 yana fitowa 12.15, kota kuma tana zarowa daga kolet

Mai Milin Dilimi ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayen gida da 'yan'uwa masu sana'a. Ya aiki, ya sanyi?

Shagona yana Dilimi, nan Jos. Yawancin aikina shaf ne, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji: na injin niƙa, na injin fasa dutse, da na famfunan da masu haƙar kuza da 'yan noman rani ke kawowa idan ki, wato ɗan guntun ƙarfen da ke kulle fuli a jikin shaf, ya cinye gurbinsa. Injin tanin, mai juya ƙarfe ana fere shi, na daɗe da shi. Injin milin kuwa, wanda nake yanka gurbi da shi, bana na saye shi, na hannu, ƙirar Taiwan a kan samfurin Bridgeport, bakin sifindil ɗinsa (sandar da ke juya abin yanka) samfurin R8 ne. Ya zo da kolet ɗinsa, wato 'yan bututun da ke matse wutsiyar abin yanka a cikin sifindil, a akwatin katako, wasu ana karanta lambarsu, wasu lambar ta goge.

Ga abin da ke damuna. Shaf mai kauri milimita 40, ki ɗinsa 12 a faɗi, 8 a tsayi, zurfin gurbi a jikin shaf 5. In ɗaura kota, wato abin yanka, mai kauri 12 mai haƙori huɗu a kolet ɗin da aka rubuta wa 12, in ɗaure shaf, in nemo tsakiya, in riƙa sauka kaɗan-kaɗan. In na gama na sa baniya, ma'aunin kauri da faɗi, sai in ga 12.15, wani lokaci har ya ɗan haura. Ki ya faɗa ciki babu ko guduma, in ka taɓa shi da yatsa yana motsi. Mai injin niƙa ba zai gane ba a ranar, amma duk tashin inji da tsayawarsa ki ɗin yana dukan gefen gurbin. Bayan 'yan watanni fuli ya fara ƙara, mutum ya dawo yana kallona kamar na cuce shi.

Na biyun ya fi ba ni tsoro. Zurfin ba ya tsayawa inda na ajiye shi. Farkon gurbi 5, ƙarshensa 5.6. Kafin wani ya ce min kwil ne, bututun da ke saukar da sifindil: na kulle kwil, na kulle gwiwar inji mai ɗaga tebur. Na sa alƙalamin maka na ja layi a wutsiyar kota daidai bakin kolet, bayan yanka ɗaya layin ya sauko, ana ganin tazarar da ido. Ke nan kotar ce da kanta take zarowa. Diroba kuwa, dogon sukurun da ke janyo kolet sama ya matse kota, ina ɗaure ta har sai tafin hannuna ya yi ja.

Ga wasu alamomi ko za su taimaka. In tana ci, ba sauti ɗaya take yi a jere ba, sai ka ji kaf, kaf, kaf, sau ɗaya a kowane zagaye. In na cire ta, haƙori ɗaya ya dushe yana sheƙi, sauran ukun kamar ba su taɓa ƙarfe ba. A wutsiyar kuma akwai wani siririn zobe mai ƙyalli, wuri ɗaya tak, daidai inda leɓen kolet ya kama. Daga nan zuwa sama wutsiyar fes take.

Kotocin a wurin wani ɗan kasuwa na saye su, a zube cikin gwangwani. Na ƙarfen yanka ne da ake kira HSS, wasu sababbi da kakinsu a baki, wasu an taɓa aiki da su. Baniyata ta dijital tana nuna wutsiyarsu 12.00 ko 11.98, gwargwadon yadda na matsa.

Da abin ya ishe ni na aika Kano aka sayo min mariƙin kota samfurin ER32 mai wutsiyar R8, da cikakken saitin kolet. Ya iso, ya shiga sifindil lafiya, amma diroba tana yin zagaye ɗaya da rabi sai ta cije. Ban tilasta ba, na mayar da shi kwali.

Maƙwabcina mai walda ya ce sanyin Jos ne, wai ƙarfe yana tsukewa da hunturu shi ya sa kolet ba ya kamawa. Yaron shagona ya ce boris ɗin sifindil ne ya mutu, mu kwance kan injin. Ni dai ba na son kwance abin da ban tabbatar ba. Daga ina zan fara, kuma da wane ma'auni? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Bukuru ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, bar kan injin nan yadda yake tukuna. Boris in ya mutu kukansa daban ne, kan inji yana ɗaukar zafi, kuma ba shi ke sa kota ta zaro daga kolet ba. Yaronka dai yana son ganin cikin inji ne, mu ma da haka muka taso.

Zoben nan mai ƙyalli da ka ambata, shi za ka bi. Ɗauki kolet R8 ka duba da kyau. Tsaga uku gare shi, kuma daga baki kawai aka tsaga, bayansa a dunƙule yake. Saboda haka in diroba ta ja shi, bakin ne ke tsukewa, ciki bai san ana yi ba. Idan wutsiya ta cika ramin daidai, ɗan motsin nan ya isa ya rungume ta tun daga baki har ciki, ka cire ba ka ga tabo ba. Idan kuwa ramin ya fi ta, ko da 0.05 ne, leɓe kaɗai zai cim mata, bayanta yana lilo a fili kamar ƙafar yaro a takalmin babansa. Ga shi kuma murɗin haƙoran kota, yadda aka ƙera shi, janyo ta yake yi ƙasa cikin aiki muddin tana ci. Riƙon leɓe ba zai hana ta ba, ko mutum biyu ne suka hau sifanar.

Don haka ka rage ɗaurin nan kafin ka cinye tiredin diroba, wato zaren sukurunta. A cikin sifindil kuma akwai wani ɗan fin da ke shiga tsagin jikin kolet don kada ya juya sa'ad da kake ɗaurewa. Kashe wuta, sa yatsa ka laluba shi. In ya lanƙwashe ko ya yi kaifi, shi ma yana iya hana kolet zama a tsakiya.

Sannan kada ka yarda da lambar da ke jikin kaya a garin nan sai ka auna. Mu da muka koyi aiki lokacin da waksho ɗin kamfanonin kuza ke ci, komai namu inci ne. Ƙasa ta koma awon mita a shekarun 1970, amma ƙarfen da ke cikin durowa bai koma ba. Da farashin kuza ya rushe a 1985 kayan aiki suka yi ta watsewa hannun mutane, har yau suna yawo a gwangwanayen 'yan kasuwa, a cakuɗe da sababbin kaya na milimita. Rabin inci ba ya ruɗa kowa, 12.7 ne, in ka sa kota 12 a kolet ɗinsa faɗowa za ta yi. Masu cuta su ne na kusa-kusa. 5/16 na inci 7.94 ne, ido zai ce maka 8. 5/8 kuwa 15.875 ne, ido zai ce 16. A kotoci masu rami a tsakiya da ake zurawa a sanda, 7/8 shi ne 22.225 alhali sandar 22 ce, inci ɗaya da kwata 31.75 alhali akwai 32. Duk waɗannan suna shiga, ko su kusa shiga, kuma duk ba sa zama. A naka na 12 ban zaci inci ne ba, na fi zargin wutsiyar ta gaza ko kolet ya buɗe. Amma tunda gwangwani ɗaya ka sayo, ware su tun yanzu.

A zamaninmu ba ma fama da zarowar kota sosai, don da cok ɗin Clarkson muke aiki. Kotarsa tana da tiredi a ƙarshen wutsiya, zare 20 a inci, tana shiga cikin kolet da murɗi har ta tokari wani tsini a can ciki. Duk yadda aiki ya murɗa ta, ƙara ɗaurewa take yi. In ka tarar da mai tiredi a wutsiya cikin gwangwaninka, tata ce. Za ka iya riƙe ta da kolet na yau da kullum, amma ka tabbata a santsin wutsiya ya kama, ba a kan tiredin ba.

Maganar dirobarka kuwa mai sauƙi ce. R8 na asali tiredinsa 7/16 ne, zare 20 a inci, wato tazarar 1.27. Wasu masu ƙira na yanzu suna yin wutsiyar R8 su sa mata M12, mai tazarar 1.75. Shi ya sa za ta fara shiga sannan ta cije. Nemi bol M12 ka gwada da hannu a bayan mariƙin. In ya shige sumul, ka sami amsarka.

Injiniyan Idu ya rubuta:

Baba ya gama magana a kan kolet, Allah ya ƙara lafiya. Ni lambobi zan ƙara, don a wurinmu nan Idu, Abuja, injinan CNC ne da kwamfuta ke sarrafawa, masu bakin sifindil BT40, kuma rigimar iri ɗaya ce, sai dai asarar ta fi tsada.

Malam, kota awo biyu gare ta, kowanne da dokarsa, kuma "12" ɗin da ke jikinta bai gaya maka ko ɗaya ba. Wutsiya ana yin ta ne a kan ƙa'idar h6. A kauri 12, ma'anarsa daga 12.000 zuwa 11.989. Ba ta da izinin haurawa ko kaɗan, ragin da aka yarje mata 0.011 ne kacal. Baniyar dijital tana nuna maka 0.01 a gilashi, amma kuskurenta kan kai 0.02 ko 0.03. Ka ga abin da kake nema ya fi kuskuren ma'auninka ƙanƙanta. Wannan aikin maikuromita ne, mai auna 0 zuwa 25.

Bakin yanka kuma dokarsa daban, kuma a nan nake ganin rabin faɗin da ya ƙaru maka ya fito. Kota HSS mai haƙori huɗu, a ƙa'idar DIN 844, k10 ake yi mata: a 12 tana iya kasancewa daga 12.000 har 12.070. An yi ta ne don cin gefe, inda ƙarin bai dami kowa ba. Wadda aka yi don gurbin ki ita ce mai haƙori biyu, DIN 327, mai e8: daga 11.968 zuwa 11.941. Da gangan aka rage ta, domin gurbin ki na 12 a jikin shaf, a N9, daga 12.000 ne zuwa 11.957, in kuma ana son matsewa sosai, P9, daga 11.982 zuwa 11.939. Ke nan ko da injinka sabo ne dal, kolet ɗinka babu aibi, mai haƙori huɗu tana iya wuce awo tun kafin ta taɓa ƙarfe. Akwai kuma dalili na biyu. A cikin gurbi, haƙorin da ke gaba yana tura kota gefe. Mai huɗu, a daidai lokacin nan tana da haƙora a bango biyu, sai wanda aka tura wajensa ya ƙara cin bangon. Mai biyu kuwa, lokacin da ɗaya ke gaba babu haƙori a bango.

Sai rawar kota, wato kaucewarta daga tsakiya sa'ad da take juyawa. Duk abin da allurar agogon awo, ma'aunin da ke nuna wannan rawa, ta nuna a zagaye ɗaya, kai tsaye yake hawa kan faɗin gurbi. Kota 12.05 mai rawar 0.06 za ta share 12.11 kafin a zo maganar lanƙwasa. Kuma a irin wannan aiki abin da kowane haƙori ke ɗauka bai wuce 0.04 ko 0.05 ba. In rawa ta kai haka, haƙorin da ya fi fitowa shi zai kwashe rabon sauran. Shi ne kaf ɗin da kake ji sau ɗaya a zagaye, shi ne kuma haƙorin da ya dushe.

Ga yadda zan bi in ni ne. Nemi agogon awo mai gindin maganaɗisu. Cire komai daga sifindil, goge cikinsa da kananzir, ka shafa da yatsa ko wani ɓarɓashin ƙarfe ya manne. Ɗora allura a cikin tefa, wato cikin bakin sifindil mai siffar mazurari, ka juya da hannu. In bai kai 0.01 ba, boris ya fita daga zargi. Ka kuma tura sifindil gefe da hannu ka ga ko allura za ta yi tsalle ta ƙi komawa. Daga nan sa wutsiyar da maikuromita ya tabbatar, ta karyayyiyar kota ta kabaid, ƙarfen yanka mai tsananin tauri, ta fi, ka auna a bakin kolet, ka sake aunawa wajen milimita 35 ƙasa. In na sama kaɗan ne na ƙasa ya yi yawa, a karkace aka riƙe ta, maganar Baba ta tabbata. Yi alama a inda allura ta fi hawa, sassauta, juya wutsiyar rabin zagaye a cikin kolet, sake ɗaurewa. In tudun ya bi wutsiya, laifinta ne. In ya tsaya inda yake, kolet ne.

A gaishe min da mai walda, amma sanyi ba ya cikin lissafin nan. Ƙarfe yana tsukewa da wajen 0.012 na milimita a kowace mita ga kowane digiri ɗaya. Wutsiya 12, ko zafi ya sauka da digiri 15, abin da za ta rage 0.002 ne, kuma kolet ɗin ma ƙarfe ne, tare za su tsuke. Hasali ma digiri 20 shi ne zafin da duniya ta amince a yi awo a kansa, ku a Jos kun fi mu kusa da shi nesa ba kusa ba.

ER32 ɗin da ka saya sayayya ce mai kyau. Tsarin na kamfanin Rego-Fix ne na Suwizalan, tun farkon shekarun 1970, kuma an tsaga kolet ɗinsa daga gaba da baya, saboda haka yana tsukewa gaba ɗaya a miƙe, har tazarar milimita ɗaya. Mai 12-11 shi ne na wutsiya 12, mai 13-12 shi ne na rabin inci. Kada ka cusa abin da ya fi babbar lambar. Kolet yana fara shiga noti ne a ɗan karkace har ka ji ƙas, fuskarsa ta yi daidai da ta noti, sannan a ɗaura notin a mariƙi. Wanda ya jefa kolet cikin mariƙi ya bi shi da noti, ya lalata zoben notin kuma kota za ta yi rawa. Wutsiya ta shiga aƙalla kashi biyu cikin uku na tsawon kolet, a bushe, babu mai. Ɗaurinsa kuma ba wasa ba ne, wajen Nm 135, kamar ka ɗora kilo 45 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 30, sai ka riƙe jikin mariƙin da wata sifanar. Aibinsa ɗaya: yana sauko da kota nesa da boris, inji ya ɗan rage tauri.

Ɗan Farin Gada ya rubuta:

Kai, Injiniya, wallahi sai da kaina ya yi zafi. Oga Dilimi, mu nan kwastoma ba ya zuwa da maikuromita, da gaggawa yake zuwa, tumatir ɗinsa na bushewa a gona famfo yana kwance a shagonka. In kota tana zamewa, yanka gwangwanin lemo siriri ka naɗa wa wutsiyar, ta zauna. In aikin ƙarami ne ma a cok ɗin diril nake sa ta in wuce wurin.

Amma maganar faɗi, ni ban taɓa yanka gurbi 12 da kota 12 ba. Da 10 nake yi. In bi tsakiya har zurfi ya cika, sannan in matsar da tebur gefe ɗaya in share bango, in dawo ɗaya gefen in share. Ki yana hannuna ina gwadawa. Ya ƙi shiga, in ƙara kaɗan a kowane gefe. Da haka ko kotar rawa take yi babu ruwana, ni ke yanke faɗin ba ita ba. Kuma kota 10 ɗaya ta yi maka gurbin 12 da na 14, ba sai ka tara su ba da tsadar kaya ta yanzu.

Tsohon Bukuru ya rubuta:

Ɗan Farin Gada, maganarka ta biyu zinariya ce, haka manya ke yi. Sai dai a fara da 0.95 a kowane gefe maimakon 1 cif, a auna, sannan a ƙarasa, kuma a lura da lagon da ke cikin sukurun tebur, a kulle bayan kowace matsawa, in ba haka ba gurbi zai bar tsakiyar shaf.

Ta farkon kuwa, don Allah ka bari. Cok ɗin diril haƙora uku gare shi, an yi su ne su ciji wutsiyar diril mai taushi, wutsiyar kota kuwa tauri gare ta, santsi za su yi a kai. Shi kansa cok ɗin a kan ɗan gajeren tefa yake zaune, babu abin da ke riƙe shi sai matsi. Diril turo shi yake yi sama ya ƙara zama, kota kuwa girgiza shi take yi gefe tana ja ƙasa. Ranar da zai saki, yana juyawa zai faɗo, kai kuma kana tsaye a gabansa. Gwangwanin lemo kaurinsa wajen 0.1 ne, in ka naɗa ya ƙara 0.2 a kauri, ya wuce gibin da ake son cikewa, ga taushi, ga inda bakinsa biyu suka haɗu.

Mai Milin Dilimi ya rubuta:

Baba, Injiniya, Allah ya biya ku. Na aro maikuromita da agogon awo a wurin wani abokina da ke koyar da aikin ƙarfe, ga abin da na gani.

Cikin sifindil, allura ba ta kai ko layi ɗaya ba. Yarona ya tsaya yana kallo, bai sake ambatar boris ba. Fin ɗin da Baba ya ce in laluba lafiyarsa lau. Amma da na shafa tefa da yatsa na ji wani ɗan tudu, ashe ɓarɓashin ƙarfe ne ya nutse ya kwanta kamar jikin injin ne. Da tsinin tagulla na ɓamɓare shi.

Kotoci masu kauri 12 guda biyar gare ni. Uku wutsiyarsu tana tsakanin 11.99 da 12.00, kuma dukansu tsofaffin nan ne da na raina. Biyun da suka zo da kaki a baki suna ƙyalli, 11.95. Baniya ba ta taɓa nuna min wannan ba. Da ɗaya daga cikinsu nake ta yanka, bakinta kuma 12.05 daga haƙori zuwa haƙori. Kolet ɗin ma ba shi da gaskiya: wutsiya mai kyau in na zura ta da hannu tana ɗan kaɗawa a ciki, da na ɗaure allura ta nuna 0.03 a baki, 0.05 a ƙasa, kuma da na juya wutsiyar tudun bai motsa ba. Da mai 11.95 kuwa 0.07 na gani. Haɗa da 12.05, ga 12.12 nan, ragowar kuwa ina jin turin gefen nan ne da Injiniya ya bayyana. A gwangwanin na tsinci 5/16 guda biyu da nake ɗauka 8 ne, da wata 5/8 mai tiredi a wutsiya, irin ta Baba.

Shaf ɗin yau da dabarar Ɗan Farin Gada na yi shi, don kolet ɗina na 10 ya fito da kyau, 0.01. Layin maka bai motsa ba, zurfi 5 daga farko har ƙarshe, ki ya shiga da ɗan bugun gudumar roba. Amma fa Oga, ban yarda gaba ɗaya cewa rawa ba ta da komai ba. Faɗi kam ka gyara shi, sai dai haƙori ɗaya zai ci gaba da mutuwa shi kaɗai, kuɗin kota kuma daga aljihuna yake fita. Aikin ma ya fi ɗaukar lokaci, ranar da shaf shida ke jira wuta kuma ba tabbas, zan so in bi sau ɗaya in gama. Na zaga wajen masu kaya ina tambayar mai haƙori biyu, in na ce e8 sai a kalle ni. Zan tafi da maikuromita in zaɓa da kaina.

Saura biyu. Bol M12 ya shige bayan ER32 sumul, kamar yadda Baba ya ce. In yanka sabuwar diroba a injin tanin, ko in mayar da mariƙin Kano? Sannan wani ya nuna min mariƙin R8 mai rami 12 da sukuru a gefe, ya ce shi ne maganin zarowa har abada. Zai riƙe min biyun nan masu 11.95, ko in haƙura da su?

Injiniyan Idu ya rubuta:

Madalla, Malam. Mai sukuru a gefe, wanda ake kira Weldon, gaskiya ne ba ya barin kota ta zaro, muddin wutsiyar tana da shafaffen wuri da sukurun zai zauna. Kafin ɗaurin ƙarshe ka janyo kotar ƙasa har kafaɗar shafaffen wurin ta tokari sukuru, don kada ta sami inda za ta motsa cikin aiki. Amma raminsa ba ya tsukewa ko kaɗan, sukuru tura wutsiya yake yi ta jingina da bango ɗaya. Duk gibin da ke tsakani sai ya koma rawa. Rami 12.00 da wutsiya 11.95 zai ba ka 0.05 a agogo kullum, ko ya kake ɗaurewa. Da wutsiyar h6 aka yi shi. Biyun nan naka ER32 ne gidansu, a kolet 12-11, ka bar su ga cin gefe da share fuska, kada su sake shiga gurbin ki. Tsohon kolet 12 kuwa ka fitar da shi daga akwatin kada yaro ya ɗauka ranar da ba ka nan.

Diroba za ka iya yankawa, aikin awa ɗaya ne a wurinka. Kada dai ka gwada sake tiredin mariƙin, an taurara shi, taf ɗin yanka tiredi zai karye a ciki. Kafin ka yanka ƙarfe, auna ramin da diroba ke bi ta cikin sifindil tun daga sama. 7/16 shi ne 11.11, M12 ta fi shi da kusan 0.9, ba kowane inji ke barin ta wuce ba. In ta wuce, yi ta da ƙarfen EN8, ka kwafi tsawon tsohuwar da kanta da wosharta, tiredi ya shiga aƙalla milimita 15 amma kada ya taɓo ƙasan ramin kafin tefa ya zauna. Shafa wa kanta fenti don a bambanta su, don duk ranar da ka koma kolet R8 sai ka canza diroba.

In ba ta wuce ba, ko kuma kana ganin canje-canjen zai dame ka, mayar da shi a ba ka mai 7/16-20. Ka haɗa ɗan aiken da bol 7/16 mai zare 20 ya gwada a shagon kafin ya karɓa, don sau da yawa R8 kawai ake rubutawa a kwalin, ba a faɗin tiredi.